Dabino ɗaya haram, jinin Musulmi halal

Gab da yaƙin Nahrawan, wanda aka yi a shekara ta 38 bayan Hijira, wata tawagar Khawarijawa, waɗanda suka ɓalle daga rundunar Sayyadina Ali, ta tare Abdullahi ɗan sahabi Khabbab bin Aratti a hanya, yana tafe da matarsa mai tsohon ciki. Malaman tarihi irin su Ɗabari sun kawo labarin. Suka tambaye shi ra'ayinsa kan Abubakar da Umar, ya yabe su. Suka tambaye shi kan Usman da Ali, su ma ya yabe su. Sai suka ɗaure shi suka ja shi gindin dabino. Ana nan wani ɗan dabino ya faɗo, ɗayansu ya ɗauka ya jefa a baki, ɗan'uwansa ya daka masa tsawa cewa ya ci abin da bai biya ba, nan take ya tofar. Wani kuma ya sari aladen wani ɗan amana, wato wanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar Musulmi, da takobi, suka ce masa wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, ya je ya nemo mai aladen ya biya shi. Da Abdullahi ya ga haka sai hankalinsa ya kwanta, ya ce idan har tsoron Allahnku ya kai haka, ba ni da abin fargaba a wurinku. Suka kwantar da shi a bakin kogi suka yanka shi, suka farke cikin matarsa.

Mutanen nan ba fasiƙai ba ne da suka rasa addini. Masu tsayuwar dare ne, goshinsu ya yi kanta saboda sujada. Annabi (SAW) ya riga ya siffanta irinsu: za ku raina sallarku idan kun ga tasu, suna karanta Alƙur'ani amma ba ya wuce maƙoshinsu. Abin da ya sa dabino ya fi ƙarfinsu amma jini bai fi ƙarfinsu ba shi ne, tun kafin wuƙa ta taɓa wuyan Abdullahi sun gama fitar da shi daga sahun mutanen da jininsu ke da alfarma. Sun kafirta shi, sauran kuwa ya zo da sauƙi. Duk wanda ya bi hujjojin Alƙa'ida, ko IS mai kiran kanta Daular Musulunci, ko Boko Haram, ko Alshabab, a nan zai tarar da bakin zaren. Ba su zo da sabuwar aya ba. Hukunce-hukuncen da ke cikin littattafai suke ɗauka su zare musu sharuɗɗa.

Shi ya sa ba na gamsuwa da amsar da aka saba bayarwa duk sanda bam ya tashi, wato a ce Musulunci addinin zaman lafiya ne a yi shiru. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta isa ba. A Alƙur'ani akwai ayoyin yaƙi, Annabi (SAW) ya jagoranci rundunoni, kuma babu babban littafin fiƙihu da ba shi da babin jihadi. Saurayin da aka gaya wa babu yaƙi a addini, gobe wani ya buɗe masa Suratut Tauba ya nuna masa aya ta 5, zai ɗauka malamansa ɓoye masa suka yi, daga nan kuma kunnensa ya koma wajen wanda ya nuna masa.

Shekara 13 aka yi a Makka ba a ba da izinin ɗaga makami ba. An kashe Sumayya da mijinta Yasir, an gasa bayan Khabbab da garwashi, shi Khabbab ɗin da daga baya aka yanka ɗansa da sunan addini. Shi ne ya zo ya sami Annabi a inuwar Ka'aba yana roƙon a nema musu nasara, aka umarce shi da haƙuri. Izini bai sauka ba sai bayan Hijira, kuma ayar ta faɗi dalilinta da kanta: an yi izini ga waɗanda ake yaƙa saboda an zalunce su (Hajji, 39). Ayar da ke bi mata ta jero wuraren ibadar da za a rushe idan ba a kare zalunci ba, ta fara da ɗakunan ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudawa kafin ta zo kan masallatai. A Baƙara aya ta 190 aka ce ku yaƙi waɗanda ke yaƙar ku, kada ku ƙetare iyaka. A Anfal aya ta 61, idan sun karkata ga sulhu kai ma ka karkata. A Mumtahana aya ta 8, waɗanda ba su yaƙe ku ba kuma ba su kore ku daga gidajenku ba, Allah bai hana ku kyautata musu da yi musu adalci ba.

A kan wannan malaman fiƙihu suka yi gini, tun daga Muhammad Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekarar 805 Miladiyya kuma ya bar rubuce-rubuce masu faɗi kan dokokin yaƙi da sulhu. Shelar yaƙi haƙƙin shugaba ne, kamar yadda Ibn Ƙudama ya faɗa ƙarara a Mugni. Wanda ake yaƙa shi ne mai yaƙi. Annabi ya ga gawar wata mata a fagen fama ya ce wannan ai ba mai yaƙi ba ce, ya aika wa Khalid bin Walid kada ya kashe mace ko ɗan ƙwadago. A hadisin Buraida da Muslim ya ruwaito, duk sanda zai tura runduna yakan yi mata wasiyya kada ta ci amanar ganima, kada ta yi yaudara, kada ta wulaƙanta gawa, kada ta kashe yaro. Abubakar ya ƙara a wasiyyarsa ga Yazidu bin Abi Sufyan, wadda ke cikin Muwaɗɗa, cewa a ƙyale tsoho tukuf da masu ibada a ɗakunansu, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gari, kada a yanka dabba sai don ci. Ko a Risalar Ibn Abi Zaid, ƙaramin littafin da ake koya wa masu fara karatu, an rubuta cewa ba a kashe kowa bayan an ba shi aminci.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne alƙawari. Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa sun fito za su Madina, Ƙuraishawa suka kama su, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Lokacin kuwa ana shirin Badar ne, Musulmi ɗari uku da 'yan kai za su fuskanci kusan dubu, mutum biyu ba abin rainawa ba ne. Annabi ya ce su koma, mu za mu cika musu alƙawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. Alƙawari ne da aka karɓa da tilas, kuma maƙiya aka yi wa. A Anfal aya ta 72 ma, idan wasu Musulmi suka nemi agaji wajibi ne a agaza musu, sai fa idan a kan mutanen da ke da yarjejeniya da ku ne. Daga nan malamai suka ɗauko cewa wanda ya shiga ƙasar wasu da izininsu, ko baƙon da ya shigo ƙasar Musulmi da izini, akwai amana tsakani. Takardar biza a yau wannan aiki take yi. Bukhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe mai alƙawari ba zai ji ƙamshin Aljanna ba.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Fiƙihun magabata ya san yaƙin kai hari, ya raba duniya gidan Musulunci da gidan yaƙi, ya yi maganar bayi da jiziya. An rubuta shi ne a zamanin daulolin da ba su da tsayayyar iyaka, inda maƙwabcin da ba ku da yarjejeniya da shi a shirye yake ya auka muku. Duk da haka mafi yawan malamai, Hanafawa da Malikawa da Hambalawa, sun tafi a kan cewa abin da ke halatta jinin mutum a yaƙi shi ne yaƙin da yake yi, ba kafircinsa ba, in ba haka ba da ba a keɓe mata da ruhubanawa ba. Malaman zamani irin su Muhammad Abu Zahra da Wahba Zuhaili sun ce asalin alaƙar Musulmi da sauran al'ummai zaman lafiya ne, balle yanzu da ƙasashen Musulmi suka sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana iya jayayya da su kan wannan, ana kuma yi. Amma ko malamin da ya fi kowa zafi a da bai taɓa halatta a faɗa wa kasuwa ana cin ciniki ba. Wannan yana da nasa suna a shari'a, hiraba, wato tare hanya da firgita jama'a, kuma hukuncinta a Ma'ida aya ta 33 yana cikin mafi tsananin hukunce-hukuncen Alƙur'ani.

To ta ina ake bi a tsallake duk wannan? Ƙofar farko ita ce ayar takobi, Tauba aya ta 5: ku kashe mushirikai inda duk kuka same su. Sai a ce ta shafe duk ayoyin sulhu da afuwa. Wanda ya karanta aya ta 4 zai ga an keɓe mushirikan da suka cika alƙawari. A aya ta 6 kuma, idan mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, sannan a kai shi inda zai aminta. Aya ta 13 ta faɗi su waye ake nufi: waɗanda suka warware rantsuwarsu, suka yi niyyar korar Manzo, su suka fara. Gaskiya ne wasu magabata sun faɗi maganar shafewar, amma Ɗabari ya ƙi yarda an shafe ayar Mumtahana, Suyuɗi kuma da ya tace ayoyin da aka shafe hukuncinsu a Alƙur'ani gaba ɗaya, wajen ashirin ya samu.

Ayar takobi kuma ba ta kai ga Musulmi, alhali Musulmi ne suka fi mutuwa a hannun ƙungiyoyin nan. Don haka sai an bi ta kafirtawa. Sayyid Ƙuɗub, wanda ya shafe kusan shekara goma a kurkukun Misira kafin a rataye shi a 1966, ya rubuta cewa al'ummomin zamani sun koma jahiliyya tunda ba sa hukunci da abin da Allah ya saukar. Jagororin ƙungiyarsa ta 'Yan'uwa Musulmi a ƙarƙashin Hasan Hudaibi sun mayar da martani cewa su masu kira ne, ba alƙalai ba, amma maganar ta riga ta fita. Abdussalam Faraj, injiniyan lantarki, ya ɗora a kai: shugabanni sun yi ridda, yaƙar maƙiyi na kusa ya fi na nesa. Ranar 6 ga Oktoba, 1981 ƙungiyarsa ta kashe Anwar Sadat. Madogararsu ita ce Ma'ida aya ta 44, mai cewa waɗanda ba su yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba su ne kafirai, wadda Ibn Abbas ya fassara da cewa kafirci ne da bai kai na fita daga addini ba. Ita ce kuma hujjar Khawarijawan farko masu kirarin babu hukunci sai na Allah, wanda Sayyadina Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ƙarya da ita.

Kafirtawa ba ta da birki. Ta fara da shugaba, ta sauko kan soja da ɗan sanda, sai ma'aikacin gwamnati, sai wanda ya kaɗa ƙuri'a, sai malamin da ya ƙi kafirta su, a ƙarshe duk wanda bai yi mubaya'a ba. A Aljeriya, ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta GIA a ƙarƙashin Antar Zuwabri ta kai ga kafirta al'ummar ƙasar baki ɗaya a 1997, shekarar da aka yi wa ɗaruruwan mutane kisan gilla a Bentalha. Sai mutum ya tuna Usama bin Zaid, wanda ya soki wani a fagen fama bayan ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi faɗa. Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta.

Ibn Taimiyya shi ne malamin da suka fi jingina da shi, kuma sun zalunce shi. Fatawoyinsa na yaƙar Mongol ya ba da su ne a lokacin da rundunar sarkinsu Gazan ta mamayi Sham wajajen shekarar 1300, yana kuma kira ne a bayan sarkin Musulmi na lokacin, ba a bayan gungun da ya naɗa kansa ba. Shi ne ya je neman a saki fursunoni, aka ce za a ba shi Musulmi kaɗai, ya ce sai an haɗa da Kiristoci da Yahudawan da ke ƙarƙashin amanar Musulmi. Akwai kuma fatawarsa kan garin Mardin, wanda ke Turkiyya a yau. Malaman da suka taru a can a 2010, cikinsu har da Abdullahi bin Bayya, sun nuna cewa a tsohon rubutun hannu kalmar ita ce "yu'amal", a yi mu'amala da shi, amma a wani bugu ta koma "yuƙatal", a yaƙe shi. A rubutun Larabci bambancin ɗan kaɗan ne, harafi biyu da 'yan ɗigo.

Sharaɗin shugaba kuwa an zare shi ne ta hanyar faralu aini. Malamai sun ce idan maƙiyi ya afka wa gari, kare shi ya hau kan duk mai iko a garin. Abdullahi Azzam ya faɗaɗa wannan a lokacin yaƙin Afganistan da Tarayyar Sobiyet, ya ce ya hau kan kowane Musulmi a ko'ina, ba sai da izinin iyaye ba. Shi yana magana ne kan sojojin mamaya. Magadansa suka mayar da duniya duka fagen fama. A Fabrairun 1998 Usama bin Laden da Aiman Zawahiri suka sa hannu a wata sanarwa mai cewa kashe Amurkawa da ƙawayensu, soja da farar hula, wajibi ne a kan kowane Musulmi a duk ƙasar da ya sami dama. Watan Agusta suka tayar da bam a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam. Mutum 224 suka mutu, 12 ne Amurkawa.

Don halatta jinin farar hula sukan ce suna biyan haraji suna zaɓe, don haka mayaƙa ne, ko su ce ramuwa ce, kun kashe namu mun kashe naku. Matan Makka da ke zuga mazajensu sun fi mai biyan haraji kusa da yaƙi, ba a kuma halatta bin su gida a kashe ba. Ramuwa a kan mai laifi take, domin wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Idan Musulmi ne suka mutu sai a jawo mas'alar garkuwa, wato idan maƙiyi ya jera fursunonin Musulmi a gabansa yana matsowa. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna ta a Mustasfa, ya ce sai larura ta tabbata, sai an sakankance, sai kuma al'umma ce gaba ɗaya za ta halaka idan aka ƙi harbi. A gwada wannan da daren 9 ga Nuwamba, 2005, lokacin da mutanen Zarƙawi, shugaban Alƙa'ida a Iraƙi, suka tayar da bam a otal uku a Amman, babban birnin Jodan, ɗaya a tsakiyar bikin aure, mahaifin ango da na amarya suka mutu. Ko harin Taliban ta Pakistan a makarantar Peshawar a Disambar 2014, inda yara sama da 130 suka mutu. Ko masallacin Rauda a Sinai, ranar Juma'a a Nuwambar 2017, mutum sama da 300. Wane maƙiyi ne ya yi garkuwa da su?

Ƙunar baƙin wake ma haka. Ana kafa hujja da Barra'u bin Malik, wanda ya sa aka jefa shi ta kan katanga a yaƙin Yamama don ya buɗe ƙofa. Barra'u ya shiga cikin mayaƙa ne, ya fito da rauni sama da tamanin, ya kuma rayu. Wanda ya ɗora ƙirjinsa a kan tsinin takobinsa saboda zafin rauni, bayan ya yi yaƙin da sahabbai suka yaba, Annabi ya ce ɗan wuta ne. Wasu malaman zamani sun buɗe 'yar ƙofa saboda halin Falasɗinu, ƙofar kuwa ba ta tsaya a 'yar ƙarama ba. Da IS ta ƙona matuƙin jirgin Jodan Mu'azu Kasasba da ransa a cikin keji a 2015, ramuwa ta ce, alhali hadisi ya ce babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta.

Ruwa ba ya tsami banza. Mamayar Iraƙi a 2003, hotunan gidan yarin Abu Guraib, azabtarwa a kurkukun gwamnatocin kama-karya, jiragen da ke kashe masu biki, duk waɗannan gaskiya ne, kuma su ke kawo matashi bakin ƙofa kafin a karanta masa aya. Malamin da ya yi shiru kan zaluncin masu mulki ya zo yana tsine wa ɗan ta'adda, ba zai sami mai saurare ba a cikin waɗanda ake son cetowa.

Martanin da ya yi tasiri shi ne wanda ya shiga cikin hujjar ya warware ta. Saƙon Amman ya tara malamai wajen 200 a 2005 suka haramta kafirta mabiya mazhabobi takwas suka gindaya sharaɗin ba da fatawa. A Satumbar 2014 malamai sama da 120 suka rubuta wa Abubakar Bagadadi, shugaban IS a lokacin, buɗaɗɗiyar wasiƙa suna bin hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi yi musu ciwo daga cikin gida ya fito: Sayyid Imam Sharif, likitan tiyata da aka yi amfani da littafinsa a sansanonin horo na Afganistan, ya rubuta daga kurkuku a 2007 cewa kisa saboda ƙasar mutum ko launin fatarsa haramun ne, cin amanar ƙasar da ta ba ka izinin shiga ma haka. Zawahiri ya yi masa ba'a, daga baya kuma ya zauna ya rubuta littafi guda na raddi.

Hanyar ta Ibn Abbas ce. Ya sa tufafinsa mafi kyau ya tafi sansanin Khawarijawa, ya ce na zo muku daga sahabban da Alƙur'ani ya sauka a gabansu, babu ko ɗayansu a cikinku. Suka ce Ali ya sa mutane hukunci a addinin Allah. Ya ce Allah da kansa ya sa mutane su yi hukunci tsakanin miji da mata da kuma kan farautar mai harami, jinin Musulmi bai fi wannan cancanta ba? Suka ce ya yi yaƙi bai kama bayi ba. Ya ce uwarku A'isha za ku kama? Suka ce ya goge laƙabin Sarkin Muminai a takardar sulhu. Ya tuna musu Hudaibiyya, inda Annabi ya yarda aka goge "Manzon Allah". Dubbai suka dawo. Sauran, da Ali ya nemi su miƙa makasan Abdullahi bin Khabbab, suka ce dukkanmu muka kashe shi, sai a lokacin ya yaƙe su.

A Ramadan na shekara ta 40, ɗayansu, Abdurrahman bin Muljam, ya sari Ali da takobi mai guba yana hanyar sallar Asuba a Kufa. Aka kama shi aka kawo. Ali, yana kwance da raunin da ya yi ajalinsa, ya ce a ciyar da shi a kyautata tsaronsa. Idan na rayu ni ke da haƙƙin jinina, idan na mutu sara ɗaya a madadin sara ɗaya, kada a wulaƙanta gawarsa, kada kuma a kashe kowa saboda ni sai shi.